Sawun Wata Waƙa a Titunan Biktoriya

A 1957 Malaya, wadda daga baya ta zama Maleshiya, tana dab da karɓar 'yancin kai amma ba ta da taken ƙasa. Tunku Abdul Rahman, wanda ke shirin zama firaminista, ya buɗe gasa ga mawaƙan duniya. Aka aiko da waƙoƙi sama da 500, kwamiti ya saurara, babu wadda ta kwanta masa a rai. Aka tuntuɓi manyan masu tsara kiɗa irin su Benjamin Britten na Ingila, nan ma ba a dace ba. Da ya rage 'yan makonni a sauke tutar Ingila ran 31 ga Agusta, sai aka ɗauko taken jihar Perak, aka sa masa sababbin baitoci, aka raɗa masa suna Negaraku.

Sai dai karin waƙar ba baƙo ba ne a kunnen kowa. Da shi ake rera wata waƙar soyayya mai suna Terang Bulan a gidajen wasa tun daga Singafo har Jawa, har ma an yi fim da sunanta a 1937. Mutanen Indunusiya na ganin tasu ce, mutanen Perak na cewa daga fadarsu ta fita. Da marubucin tarihi Mubin Sheppard ya bi sawu ta bakin 'ya'yan gidan sarautar Perak, sai sawun ya bar yankin baki ɗaya, ya faɗa teku, ya ɓullo sama da kilomita 5,000 yamma, a bakin ruwan Biktoriya, babban birnin Seshel. Can ɗin ma, in ji su, waƙar ta Faransawa ce, ana ce mata La Rosalie.

To, me waƙar Faransawa ke yi a garin da ke ɗauke da sunan sarauniyar Ingila? Kuma wane ɗan sarkin Malaya ne ƙafarsa ta kai shi can har ya ji ta? Amsoshin duka suna cikin garin, kuma garin bai fi a zagaye shi da ƙafa kafin azahar ba.

Biktoriya tana kan tsibirin Mahe, mafi girma a cikin tsibirai 115 na Seshel, kimanin kilomita 1,600 gabas da gaɓar Kenya. An matse ta tsakanin teku da dutsen Trois Frères, mutanenta ba su kai 30,000 ba. Duk baƙon da ya shigo, abin da ake fara nuna masa shi ne hasumiyar agogon da ke tsakiyar shatale-tale, inda titin Albert ya haɗu da na Francis Rachel da na Independence. Ta ƙarfe ce, mai fentin azurfa, ba ta kai mita goma ba, tana da fuska huɗu. Kamfanin Gillett & Johnston na Croydon ne ya ƙera ta, kuma kwaikwayo ce ta wani ƙaramin agogo da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Biktoriya a Landan. Wanda ya tsaya a gindinta ya ga motoci na bin hannun hagu, ya karanta sunayen tituna, zai rantse garin Ingilishi ne tun fil azal.

Amma a duba shekarar da aka kafa ta: 1903, don tunawa da Sarauniya Biktoriya da ta rasu a 1901, kuma a shekarar ce aka raba Seshel da Morishus aka ba ta gwamnanta. Waƙar da muke nema ta bar tsibirin tun kafin nan. Agogon dai ba shaida ba ne, ya zo a makare.

Shaidar farko tana kasuwa, taku kaɗan daga wurin. Kasuwar Sir Selwyn Selwyn-Clarke ta samo asali tun 1840, ko da yake sunan na wani gwamna ne likita da ya yi mulki daga 1947 zuwa 1951, wanda ya taɓa aikin asibiti a Gwalkwas. Da safe masunta kan shimfiɗa jajayen kifi a kan tebura, belbelu na sintiri a tsakaninsu suna jiran a jefo kayan ciki, ba sa tsoron wuƙa balle mutum. A gefe ga ɓawon kirfa an ɗaure shi dami-dami, ga banila, ga barkono, ga kwakwa. Abin saurare shi ne ciniki. Babu mai tayawa da Ingilishi. Da Kiriyol ake saye da sayarwa, harshen da mafi yawan kalmominsa daga Faransanci suka fito. Sunayen unguwanni ma haka: Bel Air, Mont Fleuri, Beau Vallon. Ran Lahadi kuma cocin Katolika ta Immaculate Conception ce ke cika, ba ta Angalika ba. Akwai ƙaramin mutum-mutumin Sarauniya Biktoriya, bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, wanda aka ɗora kan wani famfo a 1900. Ana ba da labarin cewa masu wucewa sun riƙa yi masa gaisuwar ibada, a zatonsu Nana Maryamu ce.

Ashe Ingila fenti ce a sama, ginin na Faransa ne. Ta yaya aka yi haka?

A gidan tarihi na ƙasa, wanda ke tsohon ginin babbar kotu kusa da agogon, akwai wani dutse da aka sassaƙa wa tambarin sarautar Faransa. Kyaftin Corneille Nicolas Morphey ne ya dasa shi ran 1 ga Nuwamba 1756, alamar cewa tsibiran sun zama na Sarki Louis na 15. Babu wanda ya yi masa gardama, domin babu kowa a wurin. Larabawa da Turawan Fotugal sun san tsibiran, 'yan fashin teku sun ɓuya a cikinsu, amma ba a taɓa kafa gari ba. Sunan ƙasar na wani ministan kuɗin Sarki Louis ne, Jean Moreau de Séchelles. Sai a 1770 mutum 28 suka sauka a ƙaramin tsibirin Sainte Anne da ke fuskantar tashar jiragen ruwa ta yau: Turawa 15, bayi 7, Indiyawa 5, da mace guda baƙar fata. A 1778 Laftanar de Romainville ya zo da sojoji 15 ya kafa sansani a Mahe. Sansanin nan shi ne ya girma ya zama Biktoriya.

Wannan ya nuna yadda Faransanci ya shigo, bai nuna dalilin da ya sa bai fita ba. A wurare da yawa da Ingila ta ƙwace, harshenta da cocinta da dokokinta kan danne na wanda ta kora. Dalilin yana kwance a wani kabari cikin harabar fadar shugaban ƙasa, a kan tudu bayan agogon. Mai kabarin shi ne Jean-Baptiste Quéau de Quinssy, kwamandan Faransa na ƙarshe.

A watan Mayun 1794, ana tsakiyar yaƙin Ingila da Faransa, Kyaftin Henry Newcome ya shigo da jiragen yaƙi ya nemi a miƙa wuya. Quinssy ba shi da rundunar da za ta tare ko jirgi ɗaya. Ya miƙa wuya, amma da sharuɗɗa: ba za a taɓa dukiyar mazauna ba, kuma tsibirin zai zauna ba ruwansa da yaƙin. Newcome bai da sojan da zai bari a baya, don haka ya sa hannu ya yi gaba. Jiragensa na ɓacewa, Quinssy ya mayar da tutar Faransa. Wani jirgin Ingila ya sake zuwa, ya sake miƙa wuya. Sau bakwai ana wannan. Har ya samo wa jiragen Seshel wata shuɗiyar tuta mai rubutun cewa sun riga sun miƙa wuya, wadda ta ba su damar ratsa shingen da Ingila ta yi wa Morishus suna ciniki, alhali sauran jiragen Faransa na ruɓewa a tasha. Da Morishus ta faɗi a 1810, yarjejeniyar Faris ta 1814 kuma ta tabbatar wa Ingila da tsibiran, Quinssy bai tafi ko'ina ba. Ya gyara rubutun sunansa ya koma Quincy, ya ci gaba da alƙalanci a ƙarƙashin sababbin iyayengiji har ya mutu a 1827. Titin da ke ɗauke da sunansa yana nan, a kansa ne haikalin Hindu mai launuka da aka gina a 1992 yake.

Mutanen Seshel na yaba wayonsa, kuma ya cancanci yabo ta fuskar cewa ba a ƙone garin ba. Amma ni ba na iya karanta kalmar "dukiya" a yarjejeniyar nan ban tsaya ba, domin mafi tsadar dukiyar da ya kare mutane ne. Ribar da jiragen Seshel suka ci a shekarun nan, kaso mai yawa daga jigilar bayi ta fito, daga Mozambik da Madagaska. Lokacin da aka soke bauta a 1835, bayi sun haura 6,000, su ne mafi rinjayen jama'a nesa ba kusa ba. Daga 1861 zuwa 1874 kuma jiragen yaƙin Ingila sun sauke wasu 'yan Afirka sama da 2,000 da suka ƙwato daga jiragen masu fataucin bayi, aka rarraba su gonakin kwakwa da sunan koyon sana'a. A kan dutse sama da gari akwai kangon makarantar da 'yan mishan suka buɗe wa 'ya'yansu a 1876, Venn's Town, mai sunan Henry Venn, mutumin da ya tsaya har aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864. Jikokin waɗannan mutane su ne masu kifin kasuwa. Kiɗansu na gangar fata, moutya, wanda ake gasa gangarsa a bakin wuta kafin a buga, ya shiga jerin al'adun gargajiya na duniya na UNESCO a 2021.

Rabin farko ya warware ke nan. Ingila ta karɓi Seshel ne don kada Faransa ta samu mafakar da za ta riƙa tare mata hanyar Indiya. Ba ta turo masu zama ba, sai jami'ai 'yan ƙalilan. Masu gonaki suka ci gaba da Faransancinsu da cocinsu da dokar Napoleon, wadda har yau ita ce tushen dokar mu'amala ta ƙasar. Canza wa garin suna zuwa Biktoriya a 1841 bai canza abin da ake rerawa a falo ba. Ga kuma jiragen kamfanin Messageries Maritimes na Faransa da ke yada zango a Mahe suna kawo wasiƙu da kaya da sababbin waƙoƙi. Idan 'yan badujala sun yi wasa a bakin ruwa da yamma, ba abin mamaki ba ne a ji karin Faransa. Ana jingina La Rosalie ga mawaƙi Pierre-Jean de Béranger, wanda ya rasu a 1857, ko da yake shi an fi saninsa da ɗora baitocinsa a kan karin da mutane suka riga suka sani.

Saura kunnen da ya ji.

A nan sai an koma Perak, jihar kuza. A watan Janairun 1874 Raja Abdullah ya sa hannu a yarjejeniyar Pangkor: Ingila za ta amince da shi a matsayin Sultan, shi kuma zai karɓi Razdan wanda dole a nemi shawararsa a kuma bi ta a kan komai, ban da addini da al'ada. Mai karatu a Kano ko Zariya ya san inda irin wannan magana kan ƙare. Razdan na farko, J. W. W. Birch, ya karɓe tara haraji daga hannun hakimai, ya riƙa ba bayin da suka gudo mafaka, kuma bai ɓoye raininsa ga masu sarauta ba. Ran 2 ga Nuwamba 1875 aka soke shi da mashi a Pasir Salak, yana wanka a wata rumfa a bakin kogin Perak. Ingila ta kawo sojoji daga Indiya da Hong Kong. A Janairun 1877 aka rataye Maharaja Lela, hakimin yankin. Sultan Abdullah kuwa aka ce da saninsa aka yi, shi kuma ya yi ta rubuta takardun koke yana musantawa. Rataye Sultan zai iya tayar da ƙasar Malaya duka, barinsa a gida kuma barin wuta ne a ƙarƙashin toka. A shekarar aka sa shi a jirgi tare da wasu manyan fadawansa, cikinsu har da Ngah Ibrahim mai Larut, aka nufi Seshel.

Me ya sa Seshel, cikin duk faɗin daular? Domin rashin amfanin wurin shi ne amfaninsa. Babu ƙabilar da baƙo zai zuga, babu iyakar da zai tsallaka, ba ya jin harshen mutane su ma ba sa jin nasa, jirgi kuwa sai jefi-jefi, kuma duk mai shiga ko fita gwamnati ta san shi. Ga shi babu sauron da ke kawo zazzaɓin maleriya a Mahe, don haka ba za a ce an kai mutum ne don ya mutu ba. Ba a buƙatar katanga. A ba shi gida da ɗan albashi da ɗan sanda a ƙofa, ya yi yawonsa a gari yadda ya so. Ɗaurin talala ne, teku ce igiyar. Lokoja ta yi wa Turawa irin wannan aiki a ƙasarmu, can Sarkin Kano Alu ya ƙare rayuwarsa a 1926, amma Lokoja ana iya zuwa da ƙafa a gaida sarki. Mahe ba a iyawa.

Dabarar ta yi wa Ingila daɗi har ta mayar da ita al'ada. Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya, wanda aka kama a Kumasi a Janairun 1896 da rundunar da ke da sojojin da Turawa ke kira Hausa a cikinta, an fara tsare shi a Elmina, sannan Saliyo. Mutanensa ba su fasa bin sa can ba. Da yaƙi ya sake ɓarkewa a 1900, bayan Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai, sai aka kwashe Prempeh da mahaifiyarsa da mutum kusan hamsin zuwa Mahe, aka sauke su a Le Rocher, kudu da gari. Yaa Asantewaa, wadda ta jagoranci yaƙin, ta biyo su a 1901, a can ta rasu a 1921. Prempeh ya koyi karatu da rubutu, ya shiga cocin Angalika ya karɓi suna Edward, ya sa aka rubuta tarihin sarakunan Asante daga bakin tsofaffin da ke tare da shi. Wannan na ƙarshe ya fi komai taɓa ni: mutumin da aka raba da ƙasarsa ya zauna yana tattara sunayen kakanninsa kafin masu riƙe da su a ka su ƙare. Sai a Nuwamban 1924 ya sake taka Kumasi, bayan shekara 28, kuma a matsayin talaka aka ce ya koma.

Mwanga na Buganda da Kabalega na Bunyoro sun iso a 1901; na farko ya mutu a tsibirin a 1903, na biyu ya mutu a Jinja a 1923 yana hanyar gida. Bayansu aka kawo Sultan Mahmud Ali Shire na Somaliya, da Khalid bin Barghash na Zanzibar, da Sa'ad Zaglul na Masar a 1922, da shugabannin Falasɗinawa a 1937, da Akbishop Makarios na Saifurus a 1956. Sultan Abdullah ne ya buɗe wannan layi.

Shekara 17 ya yi a can, kuma iyalinsa kan kai masa ziyara. A nan ne zaren biyu suka haɗu. Yadda 'ya'yan gidan suka ba da labari, ɗansa Raja Chulan ya ji 'yan badujala na buga La Rosalie a bakin ruwan Biktoriya, karin ya shige shi, ya koya, ya koma da shi gida ya koya wa ɗan'uwansa Raja Mansur. Daga baya Raja Mansur ya raka Sultan Idris na Perak zuwa Landan a matsayin dogarinsa na kusa. Wata ruwaya ta ce a 1888 ne zamanin Sarauniya Biktoriya, wata ta ce a bikin naɗin Sarki Edward na 7 ne a 1902. Jami'an fada suka tambayi taken Perak don a buga wa Sultan idan ya iso. Perak ba ta da take. Maimakon ya bari a ji kunya a gaban baƙi, Raja Mansur ya rera musu karin nan na Mahe, shugaban 'yan badujala ya rubuta, aka buga, Sultan ya miƙe tsaye. Da suka koma gida aka sa masa baitocin addu'ar tsawon rai ga Sultan, ya zama taken jiha.

Terang Bulan fa? Kari ɗaya ne ya bi hanya biyu. Yayin da yake zama na girmamawa a fadar Perak, 'yan wasan kwaikwayon bangsawan da ke yawo tsakanin Penang da Singafo da Jawa sun ɗauke shi sun sa masa baitocin soyayya, faifan garmaho da fim suka ƙarasa yaɗa shi. Shi ya sa kowane ɓangare ke jin nasa ne, kuma kowa na da gaskiyarsa, domin kowa ya raine shi. Bayan 1957 gwamnatin Malaya ta hana a riƙa buga shi a matsayin waƙar nishaɗi.

Wanda ya je Biktoriya yau neman inda 'yan badujalar suka tsaya ba zai samu ruwa a wurin ba. Gaɓar ta matsa. Zaftarewar ƙasa ta Oktoban 1862, wadda ta kashe mutum sama da 70, ita ta fara cike bakin tekun da laka, aka mayar da wurin fili, wanda yanzu ake kira Freedom Square. Daga baya gwamnati ta yi ta cike teku tana gini a kai, har agogon da a da ke kusa da ruwa ya koma tsakiyar gari. Nisan da ya sa aka zaɓi tsibirin don tsare sarakuna shi ne kuma ake sayar wa masu yawon buɗe ido tun da aka buɗe filin jirgin sama a 1972, shekara huɗu kafin 'yancin kai na 29 ga Yuni 1976.

Shi Sultan Abdullah an bar shi ya fita daga Seshel a 1894, amma ba zuwa gida ba. An ajiye shi a Singafo, sannan Penang. Ana buga wa wanda ke kan gadonsa karin da ɗansa ya ɗauko daga wurin da aka tsare shi, shi kuwa ba shi da izinin zama a jihar. Sai a 1922 aka yarda ya koma Kuala Kangsar, garin sarautar Perak, yana tsoho tukuf. A watan Disamba na shekarar ya rasu, aka binne shi a maƙabartar sarakuna ta Bukit Chandan.